Din: Mai Riƙon Gida a Tsarin Coci

Ranar Asabar, 26 ga Afrilu, 2025, duniya ta zuba ido a kan dandalin Sen Bitrus da ke Batikan, inda ake jana'izar Fafaroma Francis. Shugabannin ƙasashe sun jeru a gefe guda, kadinal-kadinal cikin jajayen tufafi a ɗaya gefen, jama'a kuwa sun cika dandalin har sun tumbatsa zuwa tituna. Wanda ya jagoranci sujadar, ya kuma yi wa'azi, wani dattijo ne ɗan Italiya mai shekara 91, Kadinal Giovanni Battista Re. Ba ya cikin waɗanda ake hasashen za su gaji kujerar. Hasali ma, da aka zo shiga ɗakin zaɓe ranar 7 ga Mayu, a waje aka bar shi, domin tun 1970 doka ta hana kadinal da ya kai shekara 80 jefa ƙuri'a. Muƙaminsa ne ya tsayar da shi a gaban gawar: shi ne Din na majalisar kadinal-kadinal.

Bahaushen da ya taɓa zama a jami'a ya san Din, wato shugaban tsangaya, wanda ake bin ofishinsa da takarda a hannu ana neman sa hannu. Mutane ƙalilan ne suka san cewa daga coci jami'a ta aro sunan. A labaran da muke ji da Hausa kuwa, kusan kowa a coci "limami" ne ko "shugaban Kiristoci", sai a rasa gane wanda ke sama da wani, da wanda alhakin wane abu ke wuyansa. Wasu ma suna haɗa Din da dikin, alhali ba su da dangi. Dikin mai hidima ne, matakin farko a naɗin limamai a wurin Katolika da Anglikan, a wasu majami'u kuma dattijon kirki ne da ke kula da baiko da gwauraye da marayu. Din kuwa ba matakin naɗi ba ne ko kaɗan, aiki ne da ake ɗora wa wanda ya riga ya zama limami.

Mutane huɗu ko biyar masu aiki daban-daban ne ke amsa wannan suna a coci, daga mai jan ragamar kadinal-kadinal a Roma zuwa fada, wato limamin Katolika, mai hawa babur yana zagaya ƙauyuka. Abu ɗaya ya haɗa su. Kowannensu an ɗauko shi ne daga cikin 'yan'uwansa, aka ce ya kula da gida da mutanen gida, ba tare da an naɗa masa rawanin sarauta a kansu ba.

Daga shugaban mutum goma

Asalin kalmar Latin ne, dekanus, ma'ana shugaban goma. Sojojin Rumawa sun yi amfani da ita ga wanda ke kula da 'yan tantinsu. Daga nan ta shiga gidajen masu zaman kaɗaici, mutanen da suka bar aure da dukiya suka keɓe don ibada. A ƙarni na shida, Benedict, wanda ya kafa shahararren gidan nan na Monte Cassino a Italiya, ya rubuta ƙa'idar zama mai babi 73, ya ware babi na 21 ga waɗannan shugabannin goma. Ya ce idan jama'ar gida ta yi yawa, a zaɓi waɗanda uban gida zai iya raba nauyinsa da su hankali kwance. Ya hana a bi layin wanda ya riga wani shigowa, ya ce a duba halin mutum da iliminsa. Ya kuma tanadi abin yi idan girman kai ya shiga: a yi masa gargaɗi har sau uku, in ya ƙi gyarawa a sauke shi a sa wani.

Benedict bai ƙirƙiro tunanin ba. A Littafin Fitowa sura 18 akwai labarin yadda Yetro, surukin Annabi Musa, ya tarar da shi yana zaman shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya ba shi shawarar ya naɗa shugabannin dubu, da na ɗari, da na hamsin, da na goma, su ɗauke masa ƙananan ƙararraki. Tun daga tushe ke nan, an yi muƙamin ne don kada babba ɗaya ya ɗauki komai a kansa. Daga baya tarihi ya ƙara masa wani amfani na biyu, wato kada babba ɗaya ya haɗiye komai.

A Roma, dokar cocin Katolika ta 1983 ta faɗa ƙarara cewa Din na kadinal-kadinal ba shi da ikon mulki a kan sauran, shi na farko ne kawai a tsakanin tsararsa. Manyan kadinal masu darajar bishop ne ke zaɓensa daga cikinsu, Fafaroma ya amince, a ƙara masa laƙabin tsohuwar dayosis, wato yankin bishop, ta Ostia da ke bakin teku kusa da Roma. Da can muƙamin na har abada ne, sai a Disambar 2019 Francis ya mayar da shi na shekara biyar da za a iya sabuntawa. Aikinsa yana fitowa fili ne idan kujera ta zama babu kowa. Shi ke sanar da kadinal-kadinal da jakadu da shugabannin ƙasashe rasuwar Fafaroma, shi ke kiran tarukan share fage, kuma idan shekarunsa sun ba shi damar shiga zaɓe, shi ke tambayar wanda aka zaɓa ko ya amince, da sunan da yake so a kira shi. A 2005 abin ya zo da sarƙaƙiya, domin Din ɗin kansa, Joseph Ratzinger, aka zaɓa, sai mataimakinsa Angelo Sodano ya yi masa tambayar. A 2025 kuwa Kadinal Pietro Parolin ne ya tsaya a madadin Re a cikin ɗakin da kadinal 133 suka zaɓi Leo na 14.

Yammacin Afirka ta taɓa riƙe wannan kujera. Kadinal Bernardin Gantin, mutumin Jamhuriyar Benin, ya zama Din daga 1993 zuwa 2002. Da ya cika shekara 80, ya ajiye muƙamin da ba wanda ya ce ya ajiye, ya tattara ya koma gida. Ya rasu a 2008, kuma sunansa filin jirgin saman Kwatano yake ɗauke da shi a yau.

Bishop na ƙwanƙwasa ƙofar gidansa

Din da aka fi sani a ƙasashen Turai shi ne na babbar majami'a. Kowace dayosis tana da majami'a guda da kujerar bishop take ciki, ita ce uwar sauran. Sai dai bishop mutum ne mai yawo: yau yana wannan gari yana tabbatar da masu baftisma, gobe yana wancan yana naɗa limamai ko sasanta rikici. Dole a sami masu zama a gida suna riƙe sujadar safe da ta yamma kullum. Waɗannan limamai su ake kira kanon, taronsu shi ne majalisar majami'a, shugaban majalisar kuma shi ne Din. A hannun wannan majalisa ginin yake, da filayensa, da asusunsa, da ma'aikatansa, da makarantar mawaƙa in akwai. A Ingila, bayan Sarki Henry na 8 ya rushe gidajen masu zaman kaɗaici, manyan majami'u irin su Kantabari da Durham da Winchester, waɗanda a da 'yan zaman kaɗaici ke riƙe da su, an sake kafa su a wajajen 1541 a ƙarƙashin Din da majalisarsa.

Wanda ya shiga tsohuwar majami'a irin ta Salisbury ko Lincoln zai ga tsarin da idonsa. A sashen mawaƙa akwai kujerun katako da aka sassaƙa, jeri biyu suna fuskantar juna, hanya a tsakiya. Kusurwoyi huɗun na manyan gidan ne. In ka shigo daga yamma, kujerar farko a hannun dama ta Din ce. Ta hannun hagu ta shugaban waƙa ce. Can gaba akwai ta mai kula da ilimi da ɗakin karatu, da ta ma'aji mai ajiyar kayan sujada. Su kansu mawaƙan an raba su gida biyu, na ɓangaren Din a kudu da na ɓangaren shugaban waƙa a arewa. Idan ana rera Zabura, wannan ɓangare ya ɗauki aya, wancan ya amsa da ta gaba, har a kai ƙarshe. A takardun waƙar ma akan rubuta wa kowane ɓangare inda zai shiga. Kujerar bishop tana nan, ta fi kowace tsawo da ado, amma yawancin ranaku babu kowa a kanta.

Akwai wata al'ada da ta bayyana dangantakar fiye da dogon bayani. Ranar da za a ɗora sabon bishop a kujerarsa, yakan iso ya tarar da babbar ƙofa a rufe. Sai ya ɗaga sandarsa ya buga sau uku, a buɗe masa daga ciki. Haka sabon Akbishop Justin Welby ya yi a Kantabari ranar 21 ga Maris, 2013, kuma Din na lokacin, Robert Willis, shi ya zaunar da shi a kan tsohuwar kujerar dutse da ake jingina wa Augustine, akbishop na farko. Bishop shi ne uban dayosis, amma makullin majami'ar ba a aljihunsa yake ba. A ganina wannan hikima ce babba. Duk inda kuɗi da gini da mumbari suka taru a hannun mutum ɗaya, komai tsoron Allahnsa, an ɗora masa jarrabawar da ba dole ba ce.

Akwai ma inda bishop ba shi da ta cewa gaba ɗaya. Majami'ar Westminster a Landan, inda ake naɗa sarakunan Ingila, ba ta ƙarƙashin kowane bishop, Din ɗinta ga sarki kai tsaye yake amsawa. Shi ya sa a jana'izar Sarauniya Elizabeth ranar 19 ga Satumba, 2022, Din David Hoyle ne ya jagoranci sujadar, Akbishop na Kantabari kuwa wa'azi ya yi.

Wannan 'yancin yana da daɗi, yana kuma da ɗaci. Hewlett Johnson ya zama Din na Kantabari a 1931, ya zauna har 1963. Mutum ne da ya rungumi aƙidar gurguzu ba ɓoye-ɓoye, ya yi ta yabon Tarayyar Sobiyet, har aka ba shi lambar zaman lafiya ta Stalin, jaridu suka laƙaba masa Jan Din. A ƙasashen waje da yawa an ɗauka shi ne Akbishop na Kantabari, ana zaton cocin Ingila ce ke magana da bakinsa. Akbishop Geoffrey Fisher ya fito fili ya nesanta kansa da maganganunsa, amma bai iya tsige shi ba, domin doka ta ba shi kujerar muddin bai aikata laifin da ta ambata ba. Yabon da ya yi wa Stalin, a lokacin da ake hallaka dubban mutane a ƙasar, tabo ne da ba ya gogewa. Yau limaman cocin Ingila suna ritaya a shekara 70, sharuɗɗan aikinsu ma sun canza.

Amma irin wannan kujera ce ta ba Desmond Tutu murya. A 1975 aka naɗa shi Din na majami'ar Sen Meri a Johannesburg, baƙar fata na farko da ya riƙe ta. Gidan Din yana unguwar fararen fata, zama a cikinsa sai da izini na musamman daga gwamnatin wariyar launin fata. Tutu ya ƙi nema, ya zauna a Soweto. A watan Mayun 1976 ya rubuta wa Firayim Minista John Vorster wasiƙa yana gargaɗin cewa jini na gab da zuba in ba a sauya hanya ba. Ba a saurare shi ba. Ranar 16 ga Yuni 'yan sanda suka buɗe wuta a kan 'yan makaranta a Soweto. Kafin Tutu ma, wani Din na wannan majami'a, Gonville ffrench-Beytagh, ya sha kamu a 1971, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar a ƙarƙashin dokar ta'addanci, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a shekarar da ta biyo. Babbar majami'a a tsakiyar birni take, mumbarinta kowa na jin sa, mai riƙe da ita kuma yana da sararin faɗin abin da wani ke tsoron faɗa.

Yawancin kwanakin Din dai ba a kan irin wannan suke ƙarewa ba. Rufin da ke yoyo ne, da albashin ma'aikata, da gardamar ko a karɓi kuɗin shiga daga masu yawon buɗe ido. A 2011 Din na Sen Pol a Landan, Graeme Knowles, ya yi murabus bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo rufe majami'ar na mako guda saboda masu zanga-zangar da suka kafa tantuna a ƙofarta.

Yadda abin yake a gida

A cocin Anglikan ta Nijeriya, wadda ta sami cin gashin kanta a 1979, an riƙe wani tsohon suna da Ingila ta bari. Shugaban babbar majami'a a dayosis da yawa, har da ta Marina a Legas, furobos ake ce masa. Ingila ma tana da furobos a wasu majami'unta, sai wata doka ta 1999 ta mayar da su duka Din. Aikin ɗaya ne. A nan gida kuma akwai wani Din na daban, na cocin ƙasa baki ɗaya, wato babban akbishop da ke bin shugaban cocin a daraja, yana tsaya masa idan ba ya nan. Akbishop Ali Buba Lamido, bishop na Wusasa a Zariya, ya riƙe wannan muƙami. Saboda haka idan aka ce Din a labarin Anglikan na Nijeriya, sai an tambaya: na majami'a ko na ƙasa?

Wanda ya fi kusa da talaka, kuma wanda aka fi mantawa da shi, shi ne Din na gunduma. Dayosis takan kasa majami'unta rukuni-rukuni, kowane rukuni a ɗora wa ɗaya daga cikin limamansa kula da shi. Kamar a ce an ɗauki dagaci guda an ce ya riƙa leƙa sauran dagatan yankin yana kai wa sarki labari, alhali yana nan da nasa ƙauyen, bai kuma zama hakimi ba. Carlo Borromeo, akbishop na Milan a ƙarni na 16, yana cikin waɗanda suka ƙarfafa wannan tsari, domin ya ga cewa gyaran da aka zartar a babban taron Trent ba zai isa ƙauyukan kan duwatsu ba in babu mai bibiya a kusa. A Ingila muƙamin yana da nauyin siyasar coci: wakilan majalisun gundumomi ne ke zaɓen mabiyan da za su zauna a babbar majalisar cocin ta ƙasa. Anglikan na Nijeriya sun fi kasa dayosis a ƙarƙashin akdikin, wato babban limamin da ke taimaka wa bishop, cocin ECWA kuma tana da nata matakan majalisu na LCC da DCC, amma buƙatar da ta haifi tsarin duk ɗaya ce. Katolika ne suka fi amfani da sunan Din a wannan ma'ana.

Dokarsu, a sashe na 553 zuwa 555, ta zayyana aikin dalla-dalla, kuma wanda ya karanta zai ga babu ƙyale-ƙyale a ciki. Bishop ne ke naɗa shi na wani wa'adi, yana kuma iya sauke shi in da dalili. Zai haɗa kan majami'un yankin a kan aiki guda. Zai lura ko limamai suna zaman da ya dace da matsayinsu. Zai ziyarci kowace majami'a ya duba tsabtar wurin sujada, da yadda ake riƙon dukiya, da lafiyar gidan fada, da littattafan rajista. Zai nemi limamin da ya shiga damuwa ko wahala ya tallafe shi. Idan fada ya kwanta ciwo mai tsanani, Din ne zai tabbatar bai rasa magani da addu'a ba. Idan ya rasu, shi zai ga an yi masa jana'izar mutunci, ya kuma tsaya kada littattafai da takardu da kayan sujada su salwanta ko wani ya kwashe.

Maganar rajistar nan ba ƙarama ba ce. Littafin baftisma babban kundi ne mai layi-layi: sunan yaro, ranar haihuwa, sunan uwa da uba, masu tsaya masa, limamin da ya yi baftismar. A gefe akwai fili da aka bari. Shekaru bayan haka, idan yaron ya karɓi tabbatarwa, ko ya yi aure, ko aka naɗa shi limami, ko da a wata ƙasa ne, sai an aiko an rubuta a wannan filin. Mai neman aure a coci daga nan za a ciro masa shaidar cewa ba shi da wani aure a baya. Dattawa da yawa a karkara, waɗanda aka haifa ba a asibiti ba, katin baftisma ne kaɗai takardar da ke nuna shekarunsu. In kundin ya ƙone ko gara ta cinye shi, tarihin ƙauye guda ya tafi.

A Arewacin Nijeriya waɗannan sassan doka sun daina zama rubutu kawai. Kafin a yanke dayosis ta Katsina a 2023, a naɗa mata Bishop Gerald Mamman Musa, dayosis ta Sakkwato ita kaɗai ta haɗa Sakkwato da Zamfara da Katsina da wani ɓangare na Kebbi. Babu bishop da zai san halin da kowane ƙauye ke ciki a irin wannan faɗi, balle yanzu da hanyoyi da yawa ba sa biyuwa. An sace limamai, an kashe wasu, an tashi garuruwa. A watan Janairun 2023 'yan bindiga sun cinna wa gidan fada wuta a Kafin Koro ta jihar Neja, limamin ya rasu a ciki. A irin wannan rana, kafin saƙo ya kai ga bishop ya kamo hanya, limaman da ke kusa ne ke fara isa, kuma doka ta riga ta faɗi wanda nauyin ke kansa: ya tattara 'yan'uwa, ya shirya jana'iza, ya kwantar da hankalin jama'a, ya ceci abin da ya saura, ya nemo wanda zai yi musu sujada ranar Lahadi mai zuwa. Yana yin haka ne alhali shi ma yana kwana cikin fargabar da kowa ke ciki, kuma nasa mabiyan suna jiransa.

Don haka ne nake ganin kuskure ne a mayar da muƙamin kwalliyar da ake rubutawa a gaban suna a katin gayyata, ko ladan daɗewa a aiki. Benedict ya hana wannan tun ƙarni na shida. Dayosis da ke yankunan da ba su da tsaro su naɗa wanda zai iya tafiya, wanda limamai za su iya gaya wa damuwarsu ba tare da tsoron za ta zama makami a kansu ba, su kuma ba shi abin hawa da kuɗin mai. Kowace gunduma ta ɗauki hoton rajistocinta shafi-shafi, ko da da wayar hannu ne, a ajiye kwafi a hedikwatar dayosis tun kafin wuta ko ruwa su riga ta. Mabiya kuma, idan Din ya zo ziyara, kada a tsaya a tarba da waƙa da abinci: a fito masa da littattafan da asusun, a nuna masa rufin gidan fada, domin abin da aka aiko shi ya duba ke nan.